Gorar da Ba Ta Kwana Arba'in a Ruwa Ba

Akwai wani magidanci a wani ƙauye a gindin dutse. Manomi ne, kuma shi ne auta a ɗakinsu. 'Yan'uwansa duk sun tafi birni neman abinci, suka bar shi da mahaifiyarsu, tsohuwa tukuf, wadda idanunta suka mutu shekara da shekaru. Ba ta gani, amma kada ka kuskura ka yi raɗa kusa da ita.

Wata damina ruwa ya tsaga bangon ɗakin tsohuwar. Da labari ya kai birni, 'yan'uwan suka aiko cewa za su zo su ɗauke ta, tunda wanda aka bar wa ita ya kasa. Maganar ta soki mutumin ƙwarai. Tsohuwa kuma ta ce ita ba inda za ta, a nan aka binne mijinta, a nan za a binne ta. Sai mutumin ya bugi ƙirji a gaban jama'a bayan an tashi daga sujada, ya ce kafin bikin Ista zai gina wa uwarsa sabon ɗaki, irin wanda ba a taɓa gani a ƙauyen ba.

To, mutanen wannan ƙauye da gora suke yin tsaikon ɗaki, wato sandunan da ake ɗaurewa a shimfiɗa ciyawar jinka a kansu. Ɗanyar gora kuwa tana da wani ruwa mai zaƙi-zaƙi a cikinta. Akwai kuma wani ɗan ƙwaro, bai kai ƙwayar shinkafa ba, da yake bin wannan zaƙi. Yakan huda gorar ya shiga ya yi ƙwai, 'ya'yansa su yi ta ci daga ciki, bayan sanda kuwa sumul kamar ba abin da ya same ta. Saboda haka tun kaka da kakanni, in an sari gora, sai a kai ta kududdufin bayan gari, a danne ta da duwatsu, ta kwana arba'in a cikin ruwa. Ruwan yakan tsotse zaƙin nan sarai. Ta fito baƙa, tana wani wari da sai ka toshe hanci, amma ƙwaro ba ya ko kallonta. Ranar ɗora tsaiko kuma gayya ake yi. Maza su taru su ɗaure shi a ƙasa, su ɗaga shi gaba ɗaya su aza a kan bango. Kafin a ɗaura ko sanda ɗaya, wani dattijo mai suna Baba Filibus yakan bi gorar ɗaya bayan ɗaya yana sansanawa.

Mutumin namu ba malalaci ba ne, kada mu yi masa ƙazafi. Shi dai ciwonsa ɗaya ne, wato "gobe". Ya tayar da bango, ya yi yaɓe, ya tanadi ciyawa. Gora kuwa, gobe. Albasarsa ta fadama ta ɗauke masa hankali, yau ban ruwa, gobe cira, jibi kasuwa. Ranar da ya shiga daji da adda, saura kwana tara a yi gayya. An riga an yi sanarwa a majami'a, matarsa ta riga ta surfe dawar kunu, 'yan'uwansa kuma sun ce za su zo su gani da idonsu.

Ya kai gorar kududdufi, da yake a shekarar bai ƙafe da wuri ba, ta kwana takwas. Da ya jawo guda ya kankare bayanta da farce, sai ya ga tana nan fara sol. Ya tsaya a cikin ruwa har gwiwa, yana duban hanya ko wani na zuwa. Sa'an nan ya sunkuya ya ɗebo baƙin taɓo daga ƙasan kududdufin, ya shafe sandunan nan kaf, ya jera su a inuwa suka sha iska.

Kashegari Baba Filibus ya zo yana dogara sanda. Ya sunkuya ya sansana, warin taɓo ya bugi hancinsa. Ya ɗago ya ce, "Ɗana, kwana nawa ta yi?"

Mutumin ya ce, "Arba'in da biyu, Baba."

Kun ji fa! Har da ƙarin kwana biyu, wai don ƙaryar ta zauna daram. Baba Filibus ya sa masa albarka, maza suka ɗaure tsaiko, suka ɗaga da waƙa, aka yi jinka, aka sha kunu. 'Yan'uwa suka zo suka gani, bakinsu ya mutu, suka koma birni. Aka kama hannun tsohuwa aka shigar da ita sabon ɗakinta, ta shafa bango, ta ce, "Auta, Ubangiji ya yi maka albarka."

Damina ta zo, ɗaki bai yi yoyo ba ko ɗigo. Mutumin ya fara cewa a ransa ashe dattawa ma suna da ƙarin gishiri, kwana takwas ya isa.

Ran nan da tsakiyar damina ya kai wa uwarsa kunu da safe. Ya ajiye ƙwaryar a gabanta, yana tsaye suna gaisawa, sai ya ga wani abu fari-fari ya sauko ya zauna a kan kunun. Ya dubi tabarma, ga shi nan tsibi-tsibi, laushi kamar garin da aka tankaɗe. Ya ɗaga kai. A jikin gora ɗaya ya ga 'yan ramuka uku, kamar an soka allura. Ya sa cokali ya kwashe abin da ke kan kunun.

Tun daga ranar bai ƙara samun kwanciyar rai ba. Ya hana matarsa share ɗakin, ya ce ladan uwarsa ne, shi zai riƙa yi. Mata suka yi ta yabonsa a bakin rijiya, wai ga ɗan albarka mai share wa uwarsa ɗaki da hannunsa. Shi kuwa kowace safiya yana kwashe garin nan a ƙwarya, yana zagayawa bayan gida yana watsarwa. Da farko cikin tafin hannu ne. Kafin kaka ya kai rabin ƙwarya.

Ya shiga neman magani a ɓoye. Ya samo kakin zuma ya toshe ramukan, kashegari ya ga sababbi a gefensu. Ya shafa kananzir, ɗaki ya gume da wari, tsohuwa ta yi ta tari, ya ce mata maganin sauro ne. Ya shafa baƙin mai na injin niƙa, sanduna suka yi ƙyalli kamar sababbi, gari kuwa bai daina zuba ba. Ya tura hayaƙin ɗanyen ganye yini guda, ya fitar da tsohuwa gindin mangwaro wai ta sha iska. Wasu ƙwarin suka faɗo matattu, ya yi murna kwana uku. A rana ta huɗu ga gari a kan tabarma. Duk abin da ya shafa a baya yake tsayawa, masu cin kuwa suna can tsakiyar sanda inda hannu ba ya kaiwa.

Wata rana a kasuwa ya ga Baba Filibus a rumfar mai sayar da igiya. Ya zauna kusa da shi, ya yi ta kewaye-kewaye, can ya ce, "Baba, wani abokina ne a ƙauyen gaba, ƙwaro ya shiga tsaikon ɗakinsa. Me zai yi?"

Dattijon ya ce, "In ƙotar fartanya ce ko kujera, ya jefa a ruwa ta kwana biyu, ko ya gasa ta a bakin wuta har zafi ya ratsa ciki. Amma tsaiko? Ya kira jama'a su sauke, a ƙone shi ƙurmus a wajen gari, don in an ajiye shi ƙwarin za su tashi su bi rumbu da gado da turmi. Sa'an nan ya sari sabuwa ya jiƙa yadda ya kamata. Ka ce masa ya yi sauri tun kududdufi na da ruwa. Kada kuma ya bar kowa ya kwana a ciki."

Mutumin ya ce, "Ba wata hanya, Baba?"

"Wace hanya kuma? Abin da aka cinye an cinye shi."

Ya dawo gida yana juya maganar a ransa. Tsaiko ba abin da mutum ɗaya zai sauke ba ne. Sai an kira mazan nan da suka ɗaga shi da waƙa, kuma da sanda ɗaya ta karye a hannunsu za su ga cikinta fari, su san ba ta kwana arba'in ba, balle da biyu. Baba Filibus zai sani. Labari zai kai birni, 'yan'uwansa su zo su ɗauke tsohuwa. Ya ce a ransa bari a gama girbi. Aka gama girbi, ya ce bari Kirsimeti ta wuce, ba a tayar da irin wannan magana lokacin biki. Kirsimeti ta wuce. Duk lokacin da ya bi ta bayan gari sai ya saci kallon kududdufi, ya ga ruwa ya ja baya, ya kawar da kai.

Ya rame. Tuwo ba ya masa daɗi. A majami'a in an ɗaga waƙa, shi idonsa na kan rufi yana neman ramuka. Da tsakar rana, lokacin da gida ya yi tsit, yakan shiga ɗakin uwarsa ya tsaya, ya ji wani ɗan sauti ƙus-ƙus-ƙus daga sama, ba ya tsayawa. Ya dubi tsohuwa tana zaune a kan gadonta tana ɓare gyaɗa, ya gode wa Allah da ba ta gani. Sau ɗaya ya ce mata, "Mama, ko za ki koma ɗakinmu ki ɗan kwana biyu? Ya fi sanyi."

Ta ce, "Don me, Auta?"

Ya buɗe baki, ya rufe. Ya ce, "Ba komai."

Ta ce, "To, in ba komai, ina nan."

Bazara ta shigo. Kududdufi ya ƙafe, ƙasarsa ta tsattsage, ko da ya sari gora yanzu ba inda zai jiƙa ta. Hadari ya fara haɗuwa a gabas da yamma-yamma yana watsewa. Mutumin ya san ciyawar jinka in ta sha ruwa nauyinta yakan ninka. Ya samo wani itace ya tokare tsakiyar tsaikon, ya ce wa matarsa na rataye kaya ne. Duk da haka bai kira kowa ba. Wayyo, ɗan Adam!

Ruwan fari ya sauko wata Talata da rana, yana gona yana sharar wuri. Iska ta fara tasowa, sa'an nan ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Ya yar da fartanya ya sheƙa da gudu. Tun daga bakin gari ya hango rufin ɗakin ya lotsa ta gefe ɗaya. Ya faɗa ciki yana kiran, "Mama! Mama!" Gefen tsaikon ya rufto a kan gado, jiƙaƙƙiyar ciyawa da karyayyun sanduna sun danne tsohuwa daga kafaɗa zuwa hannu. Ya kama sandunan zai ɗaga, suka marmashe a hannunsa kamar busasshen kara. Ya jawo ta, ya goya ta a baya, ya kai ta ɗakinsa. Tana da rai, amma hannunta na dama ya karye a wuri biyu.

Matarsa ta ruga kiran mai ɗori. Suka rage su biyu. Ya durƙusa a gabanta yana kuka kamar ƙaramin yaro, ya ce, "Mama, ki gafarta mini. Akwai abin da na ɓoye miki. Gorar nan..."

Tsohuwa tana nishi ta ce, "Na sani."

Ya ɗago kai.

Ta ce, "Tun daminar bara nake jinsu suna ci. Garin yana zubo mini a fuska, ina jinsa a cikin kunu. Kana shara kana riƙe numfashi, kana tsammani ban sani ba? Ni na haife ka."

Ya ce, "To, Mama, don me ba ki fita ba? Na ce ki koma ɗakinmu!"

Ta ce, "In na bar sabon ɗaki, mutane za su tambaya me ya sa. Me zan ce musu? In ce ɗana ya yi wa jama'a ƙarya? Na ce bari in zauna, ko yau ko gobe zai faɗa da bakinsa. Kullum in ka shigo ina sauraro. Ran nan har ka buɗe baki."

Wata tara mutumin yana tsammani shi yake rufa wa kansa asiri, ashe tsohuwa makauniya ce take kwana a ƙarƙashin mutuwa don kada sunansa ya ɓaci.

Bai jira ruwa ya ɗauke ba. Ya fita haka nan jiƙe sharkaf, ya tafi gidan Baba Filibus, ya tsaya a ƙofa ya ce, "Baba, ba wani aboki a ƙauyen gaba. Ni ne. Kwana takwas ta yi, na shafa mata taɓo." Daga nan ya bi gida-gida, duk wanda ya sa kafaɗa a tsaikon nan sai da ya gaya masa da bakinsa. Wasu suka yi tsaki, wani ya zage shi, ya tsaya ya ji.

Kashegari maza suka zo, ba waƙa, ba kunu. Suka sauke abin da ya rage, suka kai wajen gari suka cinna masa wuta. Suka duba rumbu, suka tarar ƙwarin sun fara shiga murfinsa, shi ma aka ƙone. Sa'an nan Baba Filibus ya aiki 'ya'yansa suka kawo gora shida daga cikin wadda ya jiƙa bara ya ajiye don ɗakin kansa. Wani ya kawo uku, wani biyu, har wanda ya yi zagin ya kawo huɗu. Kafin mako ya zagayo ɗaki ya rufu, da gorar da mutumin bai sara ba, bai kuma jiƙa ba. Tsohuwa ta koma ciki. Amma ƙashin tsufa ba ya haɗuwa da sauƙi. Hannun nan bai ƙara miƙewa ba, har ta koma ga Ubangiji sai dai a ba ta abinci a baki, kuma ɗanta ne yake ba ta.

'Yan'uwa, ga ma'anar wannan misali, mai kunne ya saurara.

Gorar nan zuciyar mutum ce. Zaƙin da ke cikinta shi ne abin nan da kake so wanda ka san ba ya gamsar Allah, kowa ya san nasa, ba sai na kira suna ba. Ƙwaron kuwa zunubi ne. Ba ya zuwa da ganga, ta ƙaramin rami yake shiga, kuma inda aka bar masa zaƙi nan yake nema. Kwana arba'in a ruwa shi ne zama cikin Maganar Allah da addu'a har su ratsa ciki. Ba a gaggauta wannan aiki, ba shi da daɗin ƙamshi, ba kuma mai yaba maka lokacin da kake ƙarƙashin duwatsu. Da yawa a cikinmu kwana takwas muka yi, muka fito muka shafa taɓo. Mun iya waƙoƙin, mun san inda ake cewa amin, dattawan ikkilisiya sun sansana sun ce madalla. Dattijo mutum ne, ana iya ruɗin hancinsa. Allah cikin sanda yake dubawa.

Kakin zuma da kananzir da baƙin mai, ai kun gane su. Su ne dabarun da muke yi don kada mu tuba. A ƙara ba da baiko a majami'a, a shiga ƙungiyar mawaƙa, a riƙa zuwa sujada kafin kowa, har a yabe mu a bakin rijiya. Ba laifi ba ne a yi su, amma ba sa kaiwa inda ƙwaron yake ci. Magani ɗaya ne, shi ne wanda muke gudu: ka buɗe baki ka ce ni ne, a gaban Allah, da gaban wanda ka yi wa ƙarya. A sauke ruɓaɓɓen a ƙone, kada a ajiye guntu a bayan gida. Kuma ku lura da kududdufin nan, ba kullum yake da ruwa ba. Wanda yake cewa bayan girbi, bayan Kirsimeti, wata rana zai je ya tarar da busasshiyar ƙasa.

Gorar da maƙwabta suka kawo ita ce alherin Yesu Almasihu. Mutumin nan ba shi da ko sanda ɗaya mai kyau da zai nuna, amma ya sami rufi. Haka Ubangiji yake karɓar mai tuba, da abin da shi ya tanada, ba da naka ba. Abin da mutumin ya ji tsoro wata tara, ya ƙare cikin yini ɗaya, tsaki da zagi ɗaya.

Amma kada ku tashi daga nan kuna murmushi, domin hannun tsohuwa bai warke ba. Wannan ne yake hana ni sakewa in na tsaya a gabanku. Kana cewa zunubinka naka ne kai kaɗai, ba wanda ya sani, ba wanda ya shafa. Ƙarya ne. Akwai wanda yake kwana a ƙarƙashin rufinka. Matarka ce, ko mijinki, ko uwarka, ko 'yar nan taka da ta daina yi maka surutu in ka dawo gida. Sun ji ƙus-ƙus ɗin tuntuni. Garin yana zubo musu a abinci, suna haɗiyewa, suna yin shiru don suna ƙaunarka, suna jira ka faɗa da bakinka. In rufin ya rufto, ba a kanka zai fara sauka ba, kai kana gona.

Saboda haka kada ka ce gobe. In an tashi daga nan, kafin ka sa hannu a tuwon rana, ka je wurin mutumin nan da yake jiranka, ka zauna a gabansa, ka gaya masa kwana nawa gorarka ta yi.